Watan Kalilu Mai Hoto

A Magama ta Jibiya, nan bakin iyaka inda tireloli ke jeruwa suna jiran a ɗaga musu shinge su shiga Nijar, akwai gidan da ake kira Gidan Mai Ido. Sunan ya samo asali ne daga marigayi Malam Zunnuraini, wanda a zamaninsa in ranar duban wata ta zo, shi ake sawa gaba a kan tudun bayan masallaci, don jinjirin wata ko ya kai siririn zare ba ya ɓuya masa. Da Allah ya karɓi ransa sai ya bar ɗa ɗaya namiji, Kalilu mai hoto, wanda ya gaji gidan, ya gaji sunan, ya kuma gaji tsayuwa a gaban jama'a a kan tudun. Idon ne kawai bai gada ba.

Maganar gaskiya, tunda uwarsa ta haife shi Kalilu bai taɓa ganin watan kwana ɗaya ba. Dabararsa dai ita ce ya riƙe ƙugu, ya ƙanƙance ido, ya saurara. Da zarar wani ya ce ga shi can, sai Kalilu ya ɗaga murya ta danne ta kowa, ya ce ai shi tun ɗazu ya gan shi, ya yi shiru ne ya gwada idon mutane. Shekara goma sha biyu yana cin wannan kasuwa. Bara ne asiri ya fara tonuwa, don jama'a na nuna yamma shi yana nuna kudu da iyakar ƙarfinsa. Tun daga nan aka fara ƙus-ƙus, har limamin unguwa, Malam Abdulfatah, ya aika masa cewa bana in ba a ga abin kirki ba, za a sa wani a gaba. Wannan saƙo ya hana Kalilu sukuni. A ture shi daga wurin tsayuwar ubansa, yana raye, a gaban yara da manya? Ya rantse wa matarsa Safara'u cewa watan Sallar bana shi zai fara ganinsa a duk ƙasar Katsina, kuma har hotonsa zai kawo.

Ana saura mako biyu a kama azumi tsohuwar kyamararsa ta mutu, shi kuwa ya ɗauki wannan a matsayin ishara. Ranar Lahadi ya shiga kasuwar Jibiya, Safara'u na biye da shi don ta san halin kayanta, suka nufi shagon Luka, mutumin Zonkwa da ya shekara ashirin yana sayar da kayan lantarki a garin. Luka ya jera musu kyamarori uku masu zuƙo nesa, ya shiga bayani. Ƙaramar, in ji shi, ba ta da nisa sosai, amma tana gani a ɗaki mai duhu, ita ce ta biki da suna. Ta tsakiyar tana da sauri, ita masu ɗaukar ƙwallo da dambe ke nema, don tana kama mutum yana cikin tsalle. Ta ukun kuwa, da ya danna ta sai hancinta ya yi ta fitowa, ya yi ta fitowa, har ya kusa rabin taɓarya. Luka ya ce wannan ta masu bin tsuntsaye da namun daji ce, tana janyo abin da ke nesa ninki ɗari da wani abu, amma ba a riƙe ta a hannu, sai an ɗora ta a kan sanda mai ƙafa uku, in ba haka ba numfashi kaɗai ya isa ya kai mutum wata unguwar.

Safara'u ta ɗora yatsa a kan ƙaramar. Ta tuna masa cewa da hoton suna da biki suke ci, kuma ita ke samo masa aikin a cikin gidajen mata, ba ta taɓa jin tsuntsu ya gayyace shi ba. Kalilu ko kallonta bai yi ba, ya riga ya rungume babbar.

"Malam Kalilu, ka haɗa da ƙafar, kyauta zan ba ka," in ji Luka.

"Ƙafa uku? Biyun da Allah ya ba ni me suke yi? Hannun nan da kake gani, ko kofin shayi aka ɗora masa ina barci ba ya zuba."

"To ai ba shayi za ka ɗauka ba."

Kalilu ya ce shi dai a sa masa a jaka. Suna fita Safara'u ta ce, "Baban Rahama, ka sayo mana wahala da hanci." Ya ce mata ta bari ta ga ranar da 'yan jarida za su zo har ƙofar gida.

Aikin farko da kyamarar ta samu sunan ɗan Hassana ne, ƙawar Safara'u, a Daddara. Kyamarar fa in an maida hancinta ciki tana ɗaukar hoto kamar kowace, Luka ya faɗa masa wannan har sau biyu. Amma Kalilu ya ce ba zai yiwu a ba mutum tsawo ya zauna a gajere ba. Ya tsaya a tsakar gida, ya zuƙo har ƙarshe, mata suka yi ta gyara ɗauri suna murmushi, shi yana ta dannawa yana cewa madalla. Da ya ga ba ya ganin komai sai launi, sai ya fara ja da baya. Ya ja, ya ja, ya fita ta zaure, ya tsallake kwata, ya taka tiren mai awara, har ya jingina da katangar maƙwabta, yana ɗaga hannu daga can yana cewa a matso da jaririn dama kaɗan.

Da aka zauna duba hotuna sai aka rasa na gane wa. Akwai kunne ɗaya da ɗan kunne, akwai haƙorin makka na wata gwaggo, akwai wani abu baƙi mai danshi da aka yi ta gardama a kansa kafin a gano hancin ragon suna ne. Jaririn kuwa babu shi ko ɗaya, sai wani hoto da Kalilu ya dage cewa tafin ƙafarsa ne, kakar yaron ta ce wannan gwiwar hannunta ce, ta san ta. Hassana ta kalli Safara'u. Safara'u ta dawo gida ba ta yi masa magana ba kwana biyu, shi kuwa ya gaya wa mutanen majalisa cewa mutanen Daddara ba su waye da hoton zamani ba tukuna.

Azumi ya kai goma sai ya ce bari ya yi atisaye. Da hantsi ya je daf da shingen iyaka, ya kafa ƙafa, ya miƙa hancin nan ya nufi Nijar. Bai yi minti biyu ba ya ji hannu a kafaɗa. Jami'an bakin iyaka suka shigar da shi ofis, babbansu ya tambaye shi wa ya aiko shi ɗaukar hoton wurin tsaro. Maimakon Kalilu ya ba da haƙuri sai bakin ya motsa, ya ce su ba su san irin wannan na'ura ba, daga nan inda yake tsaye zai iya karanta lambar rigar jandarma a Ɗan Isa, can cikin Nijar. Wannan magana ta sa aka ƙara masa kujera da tambayoyi har azahar.

Daga ƙarshe babban ya karɓi kyamarar ya duba da kansa. Hoto arba'in da ɗaya: sama, sama, sama, wayar lantarki, sama, wutsiyar jaki, sama. Ya kira abokan aikinsa suka taru suna kallo, ɗaya ya fita waje don dariya ba ta kyautu a ofis ba. Babban ya miƙa masa kayansa ya ce ya tafi, in duk 'yan leƙen asiri irinsa ne to ƙasa ta huta, amma kada ya sake ganinsa kusa da shingen. Kalilu ya fito yana gumi. Kafin la'asar ya riga ya gaya wa rabin Magama cewa hukuma ta kira shi ta ga aikinsa, har mutum biyar suka taru a kai.

Ranar ashirin da tara ga azumi ta zo. Tun da yamma jama'a suka fara taruwa a kan tudun bayan masallaci, amma Kalilu ya ce tudun nan na masu ido tsirara ne, na'urarsa tana bukatar sama. A layin motocin da ke jiran wucewa akwai wata tirela shaƙe da buhunan albasa. Ya zagaya ta baya, bai nemi izinin kowa ba, ya rataya kyamara a wuya, ya kama igiyar lodi ya haye, da dabino uku a aljihu. Ya zauna a ƙololuwa, ya juya yamma inda rana ta faɗi. Da aka kira salla ya jefa dabino ɗaya a baki, ya manna ido a kyamara, ya zuƙo har ƙarshe.

Abin da Luka ya faɗa kuwa bai faɗi ƙasa ba. In Kalilu ya ja numfashi sai sama ta yi sama, in ya sauke sai ta yi ƙasa, ga warin albasa ya sa hawaye na zuba. Ana haka direban, wanda bai san yana ɗauke da fasinja ba, ya sha ruwa ya ga an samu fili a gaba, ya tada mota ya matsa, ya karya kan tirelar ya gyara mata tsayuwa a gefen hanya. Kalilu ya ji duniya na juyawa a hankali, ya ce a ransa jirin azumi ne, namiji ba ya cire ido don jiri. Bai cire ba kuwa. Da motar ta tsaya fuskarsa ta koma wajen Nijar, shi yana nan yana laluben yamma.

Sai ga shi. Siriri, lanƙwashe, yana sheƙi a tsakiyar allon, kyakkyawa kamar an wanke shi. Zuciyar Kalilu ta buga, hawayen albasa suka haɗu da na gaske, don a karon farko a rayuwarsa ya ga abin da ya shekara goma sha biyu yana cewa ya gani. Ya danna sau uku, ya miƙe tsaye a kan buhuna, ya ƙwala ihu cewa an ga wata, gobe Sallah, ɗan Mai Ido ya gani kuma ya ɗauka. Saukowar ce ba ta zo da tsari ba. Igiya ta kuɓuce, ya sulalo da buhu ɗaya a bayansa, albasa ta watse a titi, direban ya fito yana zagi da Hausar Maraɗi yana tambayar wane ɓarawo ne a kan kamyonsa, wato tirelar. Kalilu bai tsaya ba, ya ruga da takalmi ɗaya.

Labari ya riga shi shiga gari. 'Yan acaba suka ɗauka suna hon, mata suka fara guɗa ta kan katanga, masu lalle suka jiƙa kwano. Safara'u, da ta ji an ce har hoto akwai, ta ce to yau dai Allah ya fid da ita kunya, ta sa aka yanka kajin Sallah guda biyu nan take. Mudathir tela, wanda ɗinkin mutum goma sha bakwai ke jibge a shagonsa ko yanka bai yi ba, ya ji guɗar, ya rufe shago ta ciki ya fita ta taga.

A ƙofar masallaci Malam Abdulfatah na zaune a kan buzu, jama'ar tudu sun sauko sun kewaye shi, kowa na cewa shi dai bai ga komai ba. Kalilu ya ratsa su yana haki, yana warin albasa, ya miƙa kyamara. Liman ya tambaye shi ko ya yi magariba. Ya ce bai yi ba tukuna. Liman ya ce ya je ya yi, wata ba zai gudu daga cikin akwati ba. Haka Kalilu ya yi raka'a uku mutum ɗari na jiran sallamarsa.

Hoton farko ya sa wurin ya yi tsit. Wata ne, babu ko tantama, wasu har sun fara kabbara a hankali. Liman ya ce ba a gaggawa, ko an tabbatar sai an kai wa hakimi, shi ya kai gaba, a jira sanarwa daga Sakkwato. Ya tambayi Kalilu ta ina ya gan shi. Kalilu ya nuna, aka bi yatsansa da kallo, wani ya ce yaushe wata ya koma fitowa ta arewa. Kalilu ya ce na'ura ba ta san arewa da kudu ba, ita gaskiya kawai ta sani, kuma don ya rufe bakin masu hassada ya danna hoto na biyu.

A hoto na biyu akwai tattabara zaune a kan ƙahon watan.

Kalilu ya ce wucewa ta zo yi ta gaba, ai kowa ya san tsuntsu na shawagi da magariba. Liman ya ce a ga na uku. A na uku tattabarar na nan, ta juya baya, ta sa baki a fiffike tana susa, ga kuma wani farin zane ya gangaro a jikin watan daga inda take. Wani tsoho ya ce shi dai shekararsa saba'in bai taɓa jin tsuntsun da ya kai can ba, balle ya yi abin da wannan ta yi.

Yahya mai walda ne ya kutso ya ce a ba shi ya gani. Ya kai allon kusa da fuska, ya daɗe, sannan ya sa yatsa a ƙasan watan inda wani ɗan ƙullutu ya fito.

"Allah gafarta Malam, wanga aikina ne. Ga waldata nan."

"Aikinka kamar yaya?" in ji Liman.

"Watan kan hasumiyar masallacin ƙauyen can na tsallake ne. Bara suka kawo mini, da murfin tsohuwar durom na yanka shi, na shafa mai fentin azurfa. Ƙahon hagu ya hi na dama tsawo, sun ma yi mini ƙorahi."

Aka duba, ƙahon hagu ya fi tsawo. Dariyar da ta tashi har jami'an shinge sai da suka leƙo. Kalilu ya karɓi kyamararsa ya rataya a wuya. Ya tsaya da takalmi ɗaya, hancin kyamara na rataye a ƙirjinsa, kunya ta rufe shi har yana jin zafinta a kunne.

Liman ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce, "Kalilu, tsakaninka da Allah, ka taɓa ganin jinjirin wata da idonka?"

"Allah gafarta Malam, ban taɓa ba. Yau ne na farko, shi ma ga mai shi nan tsaye."

Aka sake kecewa, amma Liman bai yi dariya ba. Ya ce akwai abin da yaran yanzu ba su sani ba. Shekara bakwai na ƙarshen rayuwar Malam Zunnuraini yanar ido ta rufe masa gani, kuma ranar da ya fara ganin hazo da ƙafarsa ya zo ya ce, Liman, idona ya tafi, a sa wani. Mutane ne suka ƙi, suka ce ya ci gaba da tsayuwa a gaba ko ba ya gani, don duk wanda zai ce ya ga wata sai ya faɗa a gaban mutumin da bai taɓa cewa ya ga abin da bai gani ba. Liman ya ce ma'anar wurin tsayuwar nan ke nan, kuma daga bana wani za a sa.

Kalilu ya sunkuyar da kai. Wannan ta fi dariyar ciwo, don bai taɓa sanin haka game da ubansa ba, gida ɗaya suna kwana suna tashi.

Liman ya ce saura aiki ɗaya. Gari ya ɗauka gobe Sallah, kuma bakin da ya ɗaura shi zai kwance, lungu-lungu, kafin a kira isha'i. Wani ya ara wa Kalilu takalmi. Ya bi ta gaban shagon Luka, wanda ya kau da kai don tausayi, ya bi ta gaban shagon Mudathir, wanda ya dawo ta tagar da ya fita yana yi masa addu'a da tsinuwa a haɗe. A ƙofar gidansa Safara'u na tsaye da figaggun kaji biyu a hannu. Nan ya tsaya, ya gyara murya, ya ɗaga ta yadda ya saba ɗagawa a kan tudu.

"Jama'a, a tashi sahur, gobe akwai azumi! Ba a ga wata ba, ni ne na gani!"

Ba wanda ya nemi ƙarin bayani. Masu lalle suka rufe kwano, mata suka koma jiƙa gero, shi kuma ya wuce lungu na gaba.